Zaren gizo-gizo da zaren tsutsar siliki: tarihin wani hukunci (1709-2023)

Gabatarwa

A yau, in aka tambayi ɗalibin kimiyya wane zare ya fi ƙarfi tsakanin na gizo-gizo da na tsutsar siliki, ba zai yi jinkiri ba zai ce na gizo-gizo, ƙila ma ya ƙara da cewa ya fi ƙarfe. A shekara ta 1710 kuwa, Majalisar Kimiyya ta Faris ta saurari wani rahoto da ya ce zaren tsutsa ya fi na gizo-gizo ƙarfi har sau 5. Halittun biyu ba su sake ba tsakanin wancan lokaci da wannan. Abin da ya sake shi ne kayan awo, da irin zaren da ake aunawa, da kuma tambayar da ake yi ma zaren.

Wannan takarda ba ta kawo wani sabon awo ba. Aikinmu na tarihi ne. Muna so mu nuna cewa tun farko an gwama tambayoyi biyu da ya kamata a raba. Ta ɗaya: wane zare ya fi? Ta biyu: wace halitta ce ke kiwatuwa? Amsar ta ɗaya ta sake fiye da sau ɗaya cikin shekaru 300. Amsar ta biyu tana nan yadda aka ba da ita a 1710, kuma ita ce ta yanke ma zaren biyu makomarsu a kasuwa. Za mu bi maganar daki-daki, daga Montpellier zuwa Faris, daga nan zuwa Madagaska da ɗakunan bincike na ƙarni na 20, kafin mu ce wani abu game da namu silikin, watau tsamiya.

1. Safar Montpellier

Tsutsar siliki, wadda masana ke kira Bombyx mori, dabbar gida ce kamar tunkiya. A ƙasar Sin aka soma kiwonta wajen shekaru 5000 da suka wuce, kuma kiwon ya sake ta ƙwarai, har malam-buɗe-littafin da take rikiɗa ta zama ba ya iya tashi. Abincinta ganyen itacen da Larabawa ke ce ma tut, Faransawa kuma mûrier. Ba ta gudu, ba ta faɗa da ƴan uwanta. Ɗaruruwa na zama bisa faifai guda suna ci. In lokacinta ya yi sai ta naɗe kanta cikin ƙunshi na zare ɗaya tilo, wanda tsawonsa ɗaruruwan metir ne, wani sa'i ya wuce 1000. In aka jiƙa ƙunshin cikin ruwan zafi, danƙon da ya liƙe shi ya yi laushi, sai a kama bakin zaren a yi ta warwara.

A Faransa, tun zamanin sarki Henri na 4 hukuma ke ƙarfafa dashen itacen tut, kuma Olivier de Serres ya rubuta littafi bisa kiwon tsutsar a 1599. Duk da hakanan masaƙan Liyon sun ci gaba da sayo ɗanyen siliki mai yawa daga Italiya da Sifen da ƙasashen Gabas. Saboda haka duk wanda ya zo da wata hanyar samun siliki a cikin gida, za a saurare shi.

A watan Disamba na 1709, François-Xavier Bon de Saint-Hilaire, babban alƙali a kotun lissafin kuɗi ta Montpellier, ya kawo ma ƙungiyar masana ta garin safar ƙafa da safar hannu da aka saƙa da zaren gizo-gizo. Bon ya lura gizo-gizo na yin zare iri biyu: na yana, wanda ya ga ba shi da ƙwari, da wanda tamata ke naɗe ƙwanta da shi. Wannan na biyun ya ɗauka. Ya sa aka tattaro jakunkunan ƙwai, aka bubbuge su ƙura ta fita, aka wanke da ruwan ɗumi, aka dafa awa 2 zuwa 3 da sabulu da gishirin albarushi da ɗan ƙaro. Da suka bushe aka yi saɓi, aka yi kaɗi kamar na auduga. Oza 13 na jakunkuna ya ba da kusan oza 4 na zare mai launin toka. Mai karatun da ya san aikin tsamiya zai gane wannan hanya, kuma za mu komo kanta.

An buga bayanin Bon a 1710, a Faransa da kuma Landan, aka aika da samfurin safar zuwa Majalisar Kimiyya ta Faris. Majalisar ta ɗora ma wani matashi mai shekaru 27, René-Antoine Ferchault de Réaumur, aikin bincikawa ko za a iya kafa sana'a bisa wannan zare.

2. Hukuncin Réaumur

Réaumur bai soma da zare ba, ya soma da kiwo. Matsalar farko ita ce cimaka: ba a iya kama ƙudajen da za su ishi garken gizo-gizo. Ya gwada abubuwa da dama har ya gane suna karɓar gutsattsarin tana da kuma laushin gindin gashin ƴan tsuntsaye. Matsala ta biyu ita ce ba ta warwaru ba. Ya rarraba gizo-gizo dubu 4 zuwa 5 cikin akwatuna, nan 50, can 100 ko 200. Manya suka cinye ƙanana, kafin a jima kowane akwati bai wuce saura ɗaya ko biyu ba. Ke nan kowane gizo-gizo sai an yi masa ɗakinsa, an kai masa abincinsa shi kaɗai.

Daga nan ya koma ga ƙarfin zare. Hanyarsa mai sauƙi ce: a rataya ma sili guda nauyi, a yi ta ƙarawa har ya tsinke. Ma'aunin zamanin shi ne grain, za mu ce masa ƙwaya. Ƙwaya 19 ke yin wajen garam guda. Zaren yana ya ɗauki ƙwaya 2. Zaren jakar ƙwai ya ɗauki 36. Zaren tsutsa ya ɗauki 180. Daga nan aka samu maganar sau 5. Ya kuma lura cewa silikin gizo-gizo bai kai na tsutsa ƙyalli ba.

Sai lissafi na ƙarshe, wanda ya fi kowane shahara. Tsutsa 2304 ke ba da laba guda ta siliki, watau ɗan ƙasa da rabin kilo. Sai gizo-gizo 12 daga cikin manya ke ba da abin da tsutsa guda ke bayarwa, ke nan ana bukatar 27.648. Tun da mata kaɗai ke yin jakar ƙwai, sai an kiwata 55.296. In kuwa ƙananan nan ne da aka fi samu, adadin ya kai 663.552.

Ya kamata mu lura da yadda rahoton ya ginu. Yana da ƙafa biyu: ɗaya ta kiwo da ƙidaya, ɗaya ta ƙarfin zare. Masu karatu na ƙarni na 18 sun haɗiye su tare, suka riƙe cewa gizo-gizo ya faɗi ta ko'ina. Amma ƙafafun biyu ba su da ƙwari ɗaya.

3. Abin da ma'aunin 1710 bai gani ba

Kada mu yi saurin cewa Réaumur ya yi kuskuren awo. Ƙwaya 180 daidai take da wajen garam 9 da rabi, kuma zaren ƙunshi guda, in aka ɗora shi bisa na'urar yau, kusan a wannan nauyi yake tsinkewa. Hannunsa daidai ne. Matsalar tana ga abin da lambar ke nufi, kuma ta kasu uku.

Ta farko, kauri. Tun 1638 Galilée ya nuna cewa nauyin da igiya ko sanda ke ɗauka yana tafiya ne da faɗin bakinta, watau faɗin da ake gani in an yanke ta. Zaren da ya fi wani siriri sau 10, bakinsa ya fi ƙanƙanta sau 100. Zaren tsutsa tagwaye ne: sili biyu da danƙo ya haɗe, kowane kaurinsa wajen mikiron 10 (mikiron kashi ɗaya ne bisa 1000 na milimetir). Zaren yana ƴan mikiron ne kawai, na ƙaramin gizo-gizo bai fi 1 ko 2 ba. Saboda haka ƙwaya 2 gaban ƙwaya 180 labarin sirantaka take bayarwa kafin ta ba da labarin rauni. Réaumur ya san zaren gizo-gizo ya fi siriri, amma madubin zamaninsa bai isa ya auna irin wannan kauri da tabbaci ba. Raba nauyi da faɗin baki, abin da Faransawa ke kira contrainte, bai zauna sosai cikin ilimin kayan aiki ba sai bayan aikin Cauchy a shekarun 1820.

Ta biyu, irin zare. Gizo-gizon da ke saƙa yana mai zagaye yana da jakunkunan ruwan zare har iri 7 a cikinsa, kowace da aikinta. Akwai zaren da yake rataya da shi, yake kuma kafa ginshiƙan yana da shi. Za mu kira shi zaren rataya. Akwai zaren tarko mai danƙo da ke zagaye tsakiyar yana. Akwai na ɗaure abin da ya kama, akwai na jakar ƙwai. Masaƙin gargajiya ba ya haɗa zare da abawa: ɗaya a murɗe yake don ya jure ja, ɗaya sako-sako don ya cika tufa. Hakanan gizo-gizo. Bon da Réaumur duk sun gina lissafinsu bisa zaren jakar ƙwai, wanda aikinsa rufi ne, kuma awon zamani ya nuna bai kai zaren rataya ƙarfi ba.

Ta uku, hanyar samu. Silikin tsutsa warware shi ake yi, ya fito dogo ba gaɓa. Silikin Bon kuwa tsittsinka shi aka yi da masaɓi, sa'an nan aka sake haɗa guntayen da mazari. Irin wannan zare, ko na wace halitta ne, ba ya ƙyallin wanda aka warware. An ɗora ma gizo-gizo laifin da rabinsa na masaɓi ne.

4. Tatsar gizo-gizo: daga Termeyer zuwa Tananarive

Wanda ya fara gano bakin zaren shi ne Ramón María Termeyer, limamin Kirista ɗan Sifen, wanda ya yi ta gwaji daga shekarun 1760 zuwa na 1790, da farko a Amurka ta Kudu, daga baya a Italiya. Ya ƙera wani ɗan marriƙi da ke danne gizo-gizo ta yadda ƙafafunsa ba za su kai ga zaren su tsinka shi ba, sai a jawo zaren kai tsaye daga jikinsa a naɗe. Da wannan dabara aka magance matsala ta biyu da ta uku a lokaci guda: zaren rataya ake samu, kuma dogo. A 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, Burt Wilder, likitan soja a wata runduna ta baƙar fata, ya sake gano dabarar a tsibirin Folly na Karolina ta Kudu, inda ya zaro wajen metir 140 daga gizo-gizo guda cikin awa ɗaya da ɗan wani abu. A 1866 ya fitar da fassarar aikin Termeyer da Ingilishi.

Gwaji mafi girma a Madagaska aka yi shi. Tsibirin na da wani babban gizo-gizo da mutanen ƙasar ke kira halabe, mai zare ruwan zinariya. Paul Camboué, shi ma limamin Kirista ne, Bafaranshe, ya soma aiki da shi a ƙarshen ƙarni na 19. Bayan Faransa ta ci tsibirin a 1895, makarantar sana'a ta Tananarive, ƙarƙashin wani mallami mai suna Nogué, ta ƙera na'urar hannu da ke riƙe gizo-gizo 12 zuwa 24, tana murɗe silinsu su zama zare guda. Da shi aka saƙa labulen gado da aka kai babban baje kolin Faris na 1900.

Abubuwa biyu suka sa aikin ya yiwu a Tananarive alhali bai yiwu a Montpellier ba: girman gizo-gizon, da arhar hannun talakan mulkin mallaka. Ƴan ƙasa ne, galibi ƴan mata, ke kamo gizo-gizon, a tatse su, a sake su. Wannan farauta ce, kiwo bai samu ba, kuma sana'ar ba ta ɗore ba.

An maimaita gwajin a zamaninmu. Simon Peers da Nicholas Godley, a Madagaska dai, sun sa an saƙa mayafi mai tsawon fiye da metir 3, wanda aka nuna a gidan tarihin halittu na New York a 2009. Ya ci gizo-gizo fiye da miliyon guda da aikin shekaru 4. A 2012 aka nuna alkyabbarsu a Landan. Ƙiyasin da aka bayar game da wannan aiki ya kama daga gizo-gizo 14.000 zuwa 23.000 a kowace oza. In muka ninka sau 16 don mu samu laba, za mu ga 224.000 zuwa 368.000, watau tsakanin lambobin nan biyu na Réaumur. Bayan shekaru 300, da gizo-gizo mafi girma da dabara mafi kyau, ƙidayarsa ba ta kauce ba.

5. Daga nauyi zuwa juriya

Yayin da ƴan gwaji ke fama da ƙidaya, masana kimiyya na sake ma'anar kalmar ƙarfi. A 1835, a Göttingen ta Jamus, Wilhelm Weber ya lura cewa zaren siliki, in aka rataya masa nauyi, yakan miƙe nan take, sa'an nan ya ci gaba da miƙewa a hankali na tsawon lokaci. In aka sauke nauyin, komawarsa ma a hankali take. Ke nan halin zare ya danganta da lokaci da saurin ja, abin da ma'aunin 1710 ba shi da hanyar gani. A 1907 Emil Fischer ya binciki zaren halabe na Madagaska, ya tarar furotin ne ɗan uwan na tsutsa. A 1955 Marsh da Corey da Pauling suka bayyana yadda sarƙoƙin furotin ɗin tsutsa ke jeruwa gefe da gefe su yi ƴan faranti masu tauri. Daga baya aka gane cewa zaren biyu duk gauraye ne: ƴan dunƙulen nan masu tauri, a warwatse cikin sarƙoƙi masu laushi da ke iya miƙewa. A 1976 Mark Denny ya auna zarurrukan yana ɗaya-ɗaya, ya danganta halin kowane da aikinsa, a 1977 kuma Robert Work ya nuna cewa zaren rataya, in ya jiƙe ba a ɗaure ba, yana iya tsukewa zuwa wajen rabin tsawonsa, halin da zaren tsutsa ba shi da shi.

Daga waɗannan ayyuka aka bar dogaro da lamba guda. Za mu riƙe uku daga cikin waɗanda ake bayarwa yau. Ƙarfi shi ne nauyin da zare ke ɗauka kafin ya tsinke, a raba da faɗin bakinsa. Ana ba da shi da megafaskal, kuma megafaskal 1000 na nufin zaren da bakinsa ya kai milimetir guda murabba'i zai ɗauki wajen kilo 100. Miƙuwa ita ce ƙarin tsawon da yake yi kafin ya tsinke. Juriya kuwa ita ce yawan aikin da sai an yi kafin a tsinka shi, watau ƙarfi da miƙuwa a haɗe. Ana ba da ita da megajul a kowane metir kubik. Ga lambobin da John Gosline da abokan aikinsa suka tattara a 1999:

Zaren rataya na gizo-gizon Araneus: ƙarfi 1100, miƙuwa kashi 27 bisa 100, juriya 160.
Zaren tarko na wannan gizo-gizo: ƙarfi 500, miƙuwa kashi 270 bisa 100, juriya 150.
Zaren ƙunshin tsutsa: ƙarfi 600, miƙuwa kashi 18 bisa 100, juriya 70.
Kevlar 49: ƙarfi 3600, miƙuwa ƙasa da kashi 3 bisa 100, juriya 50.
Ƙarfe mai ƙwari: ƙarfi 1500, miƙuwa ƙasa da kashi 1 bisa 100, juriya 6.

Wannan jeri ya kifar da hukuncin ƙarfi na 1710: kauri da kauri, zaren rataya ya kusa ninka na tsutsa, ya kuma fi ninka shi a juriya. Ya kuma rage ma maganar nan ta ƙarfe zafi. Kauri da kauri, ƙarfe mai ƙwari ya fi zaren gizo-gizo ƙarfi. Sai an kwatanta nauyi da nauyi zaren ke wucewa, domin ƙarfe ya fi siliki nauyi wajen sau 6. Inda gizo-gizo ya yi zarra shi ne juriya, kuma dalilin a fili yake: aikin yana shi ne ta tsai da ƙwaro mai tashi ba ta tsinke ba. Ba ta kuma cilla shi baya, domin wajen kashi 65 bisa 100 na ƙarfin karon yakan zama zafi cikin zaren. Ƙunshin tsutsa ba a yi shi don karo ba. Ɗaki ne na ɓuya.

6. Tsutsa ta ɗaukaka ƙara

Da ƙarni na 20 ya ƙare an ɗauka magana ta mutu: gizo-gizo ya fi tsutsa, kuma bambancin a jini yake. Sai a 2002 Zhengzhong Shao da Fritz Vollrath suka yi ma tsutsa abin da Termeyer ya yi ma gizo-gizo. Suka riƙe ta, suka jawo zaren kai tsaye daga bakinta, da saurin da suka zaɓa, daga milimetir 4 zuwa 27 a daƙiƙa guda. Zaren da aka ja da sauri ya fi ƙarfi, wanda aka ja a hankali ya fi miƙuwa, kuma mafi kyawunsu ya wuce silikin ƙunshi nesa, ya doshi na gizo-gizo. Bayaninsu shi ne, tsutsa mai gina ƙunshi tana kaɗa kanta dama da hagu kamar mai zana lamba 8, saurinta na hawa da sauka, kuma kowace kwana na barin gurbi mai rauni cikin zaren. Ga kuma dafuwar da ake yi ma siliki don a cire danƙo, wadda ita ma tana iya rage masa ƙwari. Watau lambar 600 ba ta tsutsa kaɗai ba ce. Ta ƙunshi ce da ta tukunya. Kuskuren da aka yi ma gizo-gizo a 1710, na auna zare ba tare da duba yadda aka samo shi ba, an juyo an yi ma tsutsa irinsa.

A gefen gizo-gizo ma lambar 1999 ba ta zama iyaka ba. A 2010 Agnarsson da Kuntner da Blackledge suka auna zaren Caerostris darwini, wani gizo-gizon Madagaska da ke ƙetara koguna da zaren da ya kai metir 25. Matsakaiciyar juriyarsa 350 ce, wasu silin sun kai 520. Gizo-gizo iri dubbai ne, saboda haka kalmar zaren gizo-gizo ba sunan abu guda ba ce.

Saura matsalar kiwo. Tun da gizo-gizo ya ƙi zama garke, masana suka nemi su ɗauki zarensa su bar shi. A 1990 Xu da Lewis suka karanta wani sashe na ƙwayar gadon da ke sarrafa furotin ɗin zaren rataya. Aka dasa irin wannan ƙwayar gado cikin ƙwayoyin bakteriya, da yisti, da tsirrai, har da awaki a Kanada wajen shekara ta 2000, don furotin ɗin ya fito cikin nono. Furotin ya samu, amma mai da shi zare ya yi wuya, domin a jikin halitta ruwan zaren yana bin wata doguwar hanya mai tsukewa, inda ake janye masa ruwa, tsaminsa ya ƙaru, sarƙoƙinsa su jeru kafin ya fito. Sai aka koma ga dabbar da ke da irin wannan hanya a jikinta, take kuma yarda da kiwo. A 2012 aka samu tsutsotsin da ke saƙa zare gauraye, nasu da na gizo-gizo. A 2023 masana a jami'ar Donghua ta Shanghai suka ba da rahoton tsutsotsin da aka dasa ma cikakkiyar ƙwayar gadon wani zaren gizo-gizo, zarensu ya ba da ƙarfi 1299 da juriya 319.

Kammalawa

Mun ga cewa rahoton 1710 na da ƙafa biyu. Ta ƙarfin zare ta karye a hankali, da aka koyi raba nauyi da faɗin baki, aka bambanta zarurrukan gizo-gizo, aka ƙara miƙuwa da juriya cikin awo, aka kuma gane cewa saurin ja na sake halin zare. Ta kiwo tana tsaye. Termeyer da Nogué da Peers ba su karya ta ba, masanan 2023 ma kewaye ta suka yi, suka kai zaren gizo-gizo ga tsutsar da Sinawa suka horar tun shekaru dubbai. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma tarihin siliki bai ƙaryata su ba. Ga mai nazarin tarihin sana'o'i darasin shi ne, abin da ya ci kasuwa ba lalle ya zama shi ya fi a ɗakin awo ba, lambar ɗakin awo kuma tana da ranar da aka yi ta da hanyar da aka bi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙasar Hausa na da nata silikin daji, tsamiya, wanda tsutsotsin dangin Anaphe ke yi. Suna cin ganyen itatuwa irin su tsamiya da doka, suna saƙa gida guda a taro, saboda haka zarensu ba ya warwaruwa. Dafa shi ake yi da ruwan toka, a yi kaɗinsa da mazari, kusan yadda Bon ya yi da jakunkunan ƙwai, a yi ɗinkin manyan riguna da shi. A ƙarni na 19 ya zauna kasuwa guda da alharini, jan silikin da ayari ke kawowa daga Tarabulus ta Agadas da Damagaram zuwa Kano, inda Heinrich Barth ya ga cinikinsa a 1851. Shi ma alharinin ragowar masaƙun Turai ne, guntayen sili da ake kaɗawa a nan. Wanda ya ɗauki zaren tsamiya daga mazari ya gwada shi da silikin da aka warware, ya yanke hukunci bisa lamba guda, zai maimaita abin da aka yi a 1710. Shawararmu ga ɗalibban da za su yi aiki bisa tsamiya ita ce, kafin su kawo kowace lamba su rubuta itacen da tsutsar ta ci, da wanda ya tattaro gidan da lokacin da ya tattaro shi, da irin tokar da tsawon dafuwar, da hannun da ya yi kaɗin, da aikin da aka nufi zaren da shi a jikin riga.